Famfara: Haƙorin Da Ya Fita Da Baƙon Da Ya Shigo Ba Sallama

 Idan akwai yaro ɗan shekara biyar zuwa bakwai a gabanki, ko dai kin riga kin ji wannan kira, ko kuma yana nan tafe: “Umma, haƙorina yana motsi!” Daga ranar kuma ba sauran sakat. Yatsa kullum a baki, harshe yana ta tura haƙorin gaba da baya, yayye suna tsokana, kaka tana cewa a kawo shi ta cire. Ana nan sai wata rana ya gatsa goruba ko gasasshiyar masara, haƙori ya maƙale a jiki, ɗan jini ya biyo baya, yaro ya rasa kuka zai yi ko dariya.

Wannan shi ne famfara, kuma babu gidan da ba a san shi ba. A ƙauyukanmu na Kunci, tun daga Shuwaki har Gwarmai da Matan Fada, har gobe da shi ake auna girman yaron da ba a rubuta ranar haihuwarsa ba. Za ki ji ana cewa, “Ai ya yi famfara, ya isa makaranta.” Lissafin kuwa yana kan hanya, domin shekara shida ce ta shiga aji ɗaya na firamare, kuma a daidai nan ne yawancin yara ke zubar da haƙorinsu na farko.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, a lokacin da hankalin gida duka ya tattara a kan ɗan haƙorin da ya fita, akwai wasu haƙora huɗu da ke tsirowa can ƙuryar baki ba tare da kowa ya lura ba. Da su yaron zai tauna tuwo har tsufansa, kuma su ne suka fi saurin lalacewa. Kafin mu kai gare su, bari mu fara da wanda ya faɗo.

Me ke faruwa a bakin yaro?

Haƙoran nono guda 20 ne, goma a sama goma a ƙasa. Na farko kan fito wajen wata shida da haihuwa, su kammala kafin yaro ya cika shekara uku. Tun suna nan, haƙoran girma suna ginuwa a ƙarƙashinsu cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan lokaci ya yi, sai na girman ya riƙa turo kai, saiwar na nonon tana narkewa kaɗan-kaɗan har ta ƙare. Shi ya sa idan kin ɗauki haƙorin da ya faɗo za ki gan shi ɗan guntu, babu saiwa. Wasu iyaye kan tsorata su zaci ta karye ta zauna a ciki. Lafiya lau, jiki ne ya shanye ta.

Biyun gaba na ƙasa su ke fara fita, sai biyun gaba na sama wajen shekara bakwai, sannan na gefensu. Daga nan akan ɗan huta, sai tsakanin shekara tara zuwa 12 fiƙoƙi da turamen nono su biyo baya. Babban mutum haƙoransa 32 ne idan an haɗa da huɗun ƙarshe da kan fito bayan shekara 17. 'Yan mata sukan ɗan riga maza, kuma yaron da ya yi haƙori da wuri yana jinjiri yakan yi famfara da wuri.

Akwai abubuwan da kan tayar wa uwa hankali alhali ba ciwo ba ne. Sabon haƙori ya fi na nono ɗorawa-ɗorawa, haka halittarsa take, kada ki sa gawayi ko toka kina dirza. Yakan yi wa fuskar yaro girma, amma fuskar za ta tarar da shi. Bakinsa kan fito da 'yan tudu uku kamar zarto, tauna ce za ta shafe su. Wani lokaci sabon yakan ɓullo ta bayan tsohon tun bai faɗi ba, ki ga haƙori layi biyu. Galibi tsohon zai fita da kansa, harshe ya tura sabon ya hau layi. Ratar da kan bayyana tsakanin manyan haƙoran sama biyu ita ma sau da yawa takan rufe idan fiƙoƙi suka fito wajen shekara 11 ko 12. In ta zauna kuwa, wushirya ce, ado a ƙasar Hausa.

Rufin ɗaki da ƙadangare

A gidajenmu ba a cika yar da haƙori haka kawai ba. Wani gidan akan sa yaro ya wurga shi kan soro ko rufin kwano. Wani gidan akan tona ƙasa a gindin katanga a binne shi, kamar yadda ake yi wa gashi da farce, kuma malamai da dama sun fi son wannan saboda girmama jikin ɗan Adam. Sai kuma gargaɗin da da yawanmu muka taso da shi: kada ka yarda ƙadangare ya ga giɓinka, in ya gani haƙorin ba zai fito ba. Ki tuna yadda mai wawulo ke dafe baki da hannu biyu idan ya hango jan gwada a kan katanga yana gyaɗa kai.

Ƙadangare dai ba shi da hannu a ciki. Sabon haƙorin ya daɗe da ginuwa a cikin dasashi tun kafin tsohon ya fara motsi, kuma ko duk ƙadangarun unguwa suka taru suka leƙa, zai fito a lokacinsa. Amma kakanninmu sun san abin da suke yi. Wannan shi ne karo na farko da yaro ke ganin wani abu na jikinsa ya rabu da shi, ga jini, ga rami a baki. Idan aka ba shi aikin yi, aka ce je ka wurga, ka ɓoye giɓi, sai tsoron ya koma wasa.

Abin lura ɗaya ne. Giɓi kan ɗauki makonni, wani lokaci har wata shida, musamman na sama, kafin sabon haƙori ya leƙo. Yaron da ya yarda da zancen ƙadangare har zuciyarsa zai iya shiga damuwa, ya daina dariya cikin mutane, ya ɗauka shi ke nan ya tabbata wawulo. Idan kin ga alamar haka, ki zaunar da shi ki gaya masa gaskiya, ki ɗora yatsansa mai tsabta a kan dasashin ya ji tudun haƙorin da ke tafe.

Yadda wasu ke yi a duniya

Ba mu kaɗai ke jifa da haƙori ba. A Masar da wasu ƙasashen Larabawa yara kan wurga shi sama wajen rana, suna fatan samun wanda ya fi shi. A Japan, idan na ƙasa ne akan jefa shi kan rufi, idan na sama ne a jefa shi ƙasa, wai don sabon ya miƙe sak. A Faransa cewa ake yi wani ɗan ɓera ne ke zuwa ya ɗauke haƙorin ya bar kyauta. A Sifaniya ma ɓeran ne, har suna gare shi, Perez. A 1894 wani marubuci mai suna Luis Coloma ya rubuta labarinsa domin Sarki Alfonso na 13, wanda a lokacin yake ɗan shekara takwas kuma haƙorinsa ya fita. A wurare da dama dai ɓera ke burge mutane a nan, saboda haƙoransa na gaba ba sa daina girma.

Wadda yaranmu suka fi sani yanzu, saboda katun da suke kallo a wayoyinmu, ita ce ta Amurka da Ingila. Yaro ya sa haƙorin a ƙarƙashin matashin kai ya kwanta, da safe ya tarar da kuɗi a wurin, a ce masa wata 'yar aljana mai fukafukai ce ta zo cikin dare ta saye shi. Iyaye ne ke sa kuɗin. Al'adar ma ba ta tsufa sosai ba. Ɗaya daga cikin wurare na farko da aka ga zancenta a rubuce shi ne jaridar Chicago Daily Tribune a 1908, inda aka ba iyaye mata shawarar su yi wannan dabara don yaro mai gardama ya yarda a cire masa haƙorin da ke motsi. Yau abin ya zama ciniki. Wani kamfanin inshorar haƙori a Amurka, Delta Dental, yana bin diddigin farashin duk shekara, kuma a 2023 ya ce matsakaicin abin da ake bari ya haura dala shida a kan haƙori ɗaya.

To idan ɗanki ya zo yana tambayar ina nasa kuɗin fa? Ke ma kin san yaron Kunci, idan kika ce masa aljana za ta shigo ɗaki cikin dare ta sa hannu a ƙarƙashin kansa, ranar babu mai barci a gidan. Kuma babu dalilin yi wa yaro ƙarya don a faranta masa. Abin da Turawan ke nema shi ne yaro ya ji fitar haƙori abin murna ne, ya ji ya girma. Wannan kuwa kina iya yi da hannunki da rana tsaka. Ki yaba masa, ki kira babansa ya gani, ki ba shi 'yar kyauta: fensir, dafaffen ƙwai, ko mafi kyau duka, sabon buroshi mai launin da yake so. Alawa ce kawai ba ta dace da wannan rana ba, kuma ga dalili.

Baƙon da ba ya sallama

A daidai shekara shida, wani lokaci tun kafin haƙorin gaba ya fara motsi, turame huɗu na girma sukan fito: biyu a sama, biyu a ƙasa, ɗaya a kowane lungu. Babu haƙorin da ke faɗuwa ya ba su wuri. A bayan turmin nono na ƙarshe suke tsagowa, inda da dasashi ne kawai. Yawanci ba zafi, ba jini, ba kuka, don haka ba wanda ya san da zuwansu.

Waɗannan turame su ne ginshiƙan baki. Su ke ɗaukar mafi yawan nauyin tauna, kuma da su sauran haƙoran girma ke daidaita layi. Amma suna zuwa da rauni ta fuska uku. Samansu yana da kwaruruka masu zurfi da abinci ke maƙalewa. Sukan yi watanni suna ƙasa da tsayin maƙwabtansu kafin su gama fitowa, sai buroshi ya riƙa tsallake su. Sannan farin ɓawon da ya rufe su bai gama ƙwari ba a shekarun farko.

Abin da ya fi duk waɗannan illa shi ne uwa ta ɗauka na nono ne. A wurin aiki mun saba ganin yaro ɗan shekara tara ko goma an kawo shi kunci a kumbure, ya kwana uku bai runtsa ba. Uwa ta ce, “Malama, a taimaka a cire masa, ai wani zai fito.” Ba abin da ya kai nauyin gaya mata cewa wannan babu wani a bayansa. Idan aka cire shi, yaron zai rayu shekara sittin ko saba'in da giɓi a wurin, maƙwabtan haƙorin su karkato, na sama ya zazzago.

Ga yadda za ki gane shi, kuma ba ya buƙatar komai sai fitilar wayarki. Ki wanke hannu, ki zaunar da yaro a gabanki, ya buɗe baki. Ki fara ƙirga daga tsakiyar haƙoran gaba zuwa baya ta gefe ɗaya, kina haɗawa da giɓin wanda ya fita. Haƙoran nono biyar ne a kowane gefe. Duk wanda ya zama na shida, na girma ne, na har abada. Ki yi haka a gefe huɗun duka. Ki duba ko akwai farin tabo kamar alli, ko ɗigo mai ruwan ƙasa ko baƙi a cikin kwarin, ko rami. Ki lura ko yaro yana tauna ta gefe ɗaya kawai, ko yana yamutsa fuska idan ya sha ruwan randa mai sanyi. Idan an kama da wuri, likitan haƙori zai yi ɗan ciko a gama. Akwai ma wani shafi da likitoci ke yi a kan kwarin tun bai ruɓe ba, ya toshe shi kada abinci ya shiga.

Turamen nono su ma kada a raina su. Suna nan har shekara 10 zuwa 12, don haka ramin da ya kama su a shekara shida yana nufin shekaru huɗu ko biyar na ciwo da fashin makaranta. Su ne kuma ke riƙe wa na girma wuri. Idan aka cire su kafin lokaci, na baya sai ya matso gaba, mai zuwa ya rasa gurbi ya fito a karkace. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran nono a duniya.

Kuɗin tara da tsutsar haƙori

Mun saba jin cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akan sami masu yawo kasuwa-kasuwa suna cewa za su fitar da ita da hayaƙi. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke zaune a cikin dattin da ke manne wa haƙori. Duk lokacin da sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙorin. Wannan zaizaya kan ɗauki kusan rabin awa kafin yawu ya wanke ta ya fara gyara. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To in akwai ƙadangaren da ya kamata ki ji wa tsoro, wannan ne, kuma sukari ke tsaga masa bango.

Ki lura da yadda abubuwan suka haɗu. Shekarar da turamen girma suka fito ita ce shekarar da yaro ya fara riƙe kuɗin tara, ya fita daga idonki. A bakin makaranta kuwa ga alawar madara, ga gullisuwa, ga hanjin ligidi, ga cingam da biskit da zoɓo mai zaƙi. Da yamma Islamiyya, wani sabon tiren. Da dare shayi cokali uku na sukari.

Yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Yaron da ya shanye alawa biyar a zama ɗaya bayan cin abinci ya fi wanda ya tsotse su ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa la'asar tsira, domin na biyun bakinsa bai huta ba ko kaɗan. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, in son samu ne ma ya gaza kashi biyar, wato kamar ƙananan cokula shida ga babba. Kwalbar lemo guda ta zarce haka.

Hana yaro zaƙi gaba ɗaya ba zai yiwu ba, kuma kakarsa ma ba za ta yarda ba. Abin da zai yiwu shi ne ki haɗa zaƙin da lokacin abinci, ya kora da ruwa. Don tara kuma ki ƙulla masa abin da muke da shi a gida: gyaɗa, ƙosai, awara, dafaffen rogo ko dankali, gwaiba, kankana, nono ba sukari. Ya fi alawa riƙe ciki.

Goge baki: aikinki ne tukuna

Yaro ɗan shekara shida bai iya goge baki da kyau ba, ko da ya rantse ya iya. Gaba kawai yake gogewa. Har ya kai shekara bakwai ko takwas, ki bari ya fara, ke ki ƙarasa. Ki tsaya a bayansa, ya jingina kansa a jikinki, ki shigar da buroshin ta gefen baki ki goge saman sabon turmin shi kaɗai, tun da ya fi sauran gajarta.

Sau biyu a rana, minti biyu, kuma na dare kafin barci ya fi muhimmanci saboda yawu yana raguwa idan an yi barci. Bayan an goge, ruwa kaɗai zai shiga bakin. Ki nemi makilin mai sinadarin fuloraid, ki duba jikin kwalin ki ga an rubuta lamba tsakanin 1000 zuwa 1500. Ga ɗan ƙasa da shekara uku, gwargwadon ƙwayar shinkafa. Daga uku zuwa shida, gwargwadon ƙwayar wake. Ya tofar da kumfar, kada ya haɗiye, kuma kada ya kuskure da ruwa nan take, don sinadarin ya zauna ya yi aiki. Kowane yaro da buroshinsa, mai laushi, a canza shi duk wata uku.

Asuwaki sunna ne kuma yana cire datti sosai idan an iya amfani da shi, ko na itacen da alhazai ke kawowa ko na darbejiya. Matsalarsa ga yaro ita ce kaiwa ƙuryar baki. Ki bar masa asuwaki da rana, buroshi da makilin safe da dare. Tun da a shekara bakwai ake fara horar da yaro salla, ki haɗa masa biyun wuri ɗaya, alwala da tsabtar baki, su zama ɗabi'a guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan kuma yaron zai bar gabanki, ko wajen kaka ko makarantar allo a wani gari, ki sa masa buroshi da makilin a cikin kayansa, ki kuma roƙi wanda zai riƙe shi ya sa ido.

Ranar da haƙorin zai fita

Ki bar yaro ya yi ta motsa shi da harshe ko da yatsa mai tsabta har ya faɗo da kansa. Kada a ɗaura zare a fizge, kada a sa filaya, kada wani yaya ya doke shi. Haƙorin da ke zafi idan an taɓa, saiwarsa ba ta gama narkewa ba. Idan ya rage fata kaɗan ce ta riƙe shi, ki kama da tsumma mai tsabta ki ɗan murɗa, zai biyo ki.

Idan jini ya fito, ki naɗe auduga ko tsumma mai tsabta ya ciza na minti goma ba tare da yana buɗewa yana dubawa ba. Washegari ya kuskure da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Kada ki sa toka, ƙasa, kanwa, taba, turare ko ruwan batir a wurin, kuma kada ki ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, tana ƙona shi. In akwai ɗan zafi, farasitamol na yara gwargwadon nauyinsa ya isa. Idan ya haɗiye haƙorin da abinci ko cikin barci, babu komai, zai fita ta bayan gida.

Wanda ya fita da ƙarfi

Akwai bambanci tsakanin famfara da haƙorin da ya fita saboda faɗuwa daga bishiya, keke, amalanke ko wajen ƙwallo. Idan na nono ne, kada ki mayar da shi, zai iya raunata na girman da ke ƙarƙashi. A kai yaro a duba shi kawai. Idan na girma ne, za ki gan shi da doguwar saiwa, kuma ana iya ceto shi. Ki riƙe shi ta farin kansa, kada ki taɓa saiwar, kada ki kankare ta. Ki ɗauraye shi a taƙaice da madara ko ruwa mai tsabta, ki mayar da shi raminsa, yaro ya ciza tsumma. In ba za ki iya ba, ki tsoma shi a cikin madarar shanu wadda ba ta yi tsami ba, kada ki naɗe shi a takarda ya bushe. Awar farko ita ce mai daraja, don haka a kama hanyar asibiti nan take, a kuma tambayi batun allurar tetanas.

Lokacin da ba a jira

Ki kai yaro asibiti idan jini bai tsaya ba bayan rabin awa ana dannawa, musamman idan a danginki akwai maza masu wahalar tsayawar jini. Haka nan idan haƙori ya fita kafin shekara huɗu ba tare da faɗuwa ba, ko ya kai takwas ko ɗaya bai motsa ba, ko giɓi ya haura wata shida alhali ɗan'uwansa na ɗaya gefen ya daɗe da fitowa. Ƙurji a kan dasashi, kumburin kunci, zazzaɓi tare da ciwon haƙori, ko kasa buɗe baki, duk waɗannan ba na kemis ba ne.

Akwai kuma cutar da duk uwa a arewa ya kamata ta san sunanta, wato noma. Tana kama yara galibi tsakanin shekara biyu zuwa shida, musamman masu fama da tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Takan fara da dasashi mai jini da gyambo da wari mai ƙarfi, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ta fara cin naman fuska. Idan an kai yaro tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Uwar da ta saba leƙa bakin ɗanta ita ce za ta gan ta da wuri.

Ki fara da asibitin da ya fi kusa da ke, su za su tura ki gaba idan da buƙata. A cikin birnin Kano akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala. Ke ma kin san daga Kunci zuwa can kuɗin mota ne na mutum biyu, ga yini guda da aka bar gona da gida, ga kuɗin aikin kansa. Buroshi da makilin na shekara guda ba su kai wannan ba.

Don haka, uwargida, idan haƙorin farko ya faɗo, a yi murna, a wurga shi kan soro ko a binne shi yadda gidanku ya gada. Sai ki ƙara abu ɗaya a kan abin da kakanni suka bari: a daren nan ki kunna fitilar waya, ki ƙirga zuwa shida a lungu huɗu, ki kuma maimaita duk farkon wata har yaron ya gama famfara. Muna so mu ji yadda ake yi da haƙorin farko a garinku, da abin da kika gani da kika leƙa. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.